Zance, Kunya da Kyamara: Tarihin Fim ɗin Soyayya Mai Natsuwa daga Birnin Kano zuwa Ƙasar Gaya

Cikin nau'o'in fina-finan da aka shirya da harshen Hausa tun daga 1990, babu wanda ya kai na soyayya yawa, kuma babu wanda masu kallo suka fi yi wa ƙorafin jan lokaci kamarsa, domin sau da yawa labarin da zai iya ƙarewa cikin sa'a guda akan miƙe shi har ya cika kaset biyu ko uku. Ƙorafin yana da tushe, sai dai yakan cuɗanya abubuwa biyu waɗanda asalinsu ya sha bamban. Akwai jan lokaci, wato barin kyamara tana ɗaukar abin da bai ƙara wa labari komai ba, kamar buɗe wa mota ƙofar gida da jiran ta fita da sake rufewa, don kawai a cike mintoci. Akwai kuma natsuwa, wato tsara fitowa (yanki ɗaya na wasa da ke faruwa a wuri guda da lokaci guda) ta yadda shiru da jira da sunkuyar da kai za su isar da abin da baki bai furta ba. Natsuwa gwaninta ce da ake koyo, tana da malamai a Japan da Iran da Indiya, tana kuma da saiwa mai zurfi a yadda Bahaushe yake neman aure. Tarihin sana'ar fim a ƙasar Kano ya nuna yadda jan lokaci ya yi ta samun gindin zama saboda dalilai na mulki da na kasuwa, alhali natsuwa, wadda kayan aikinta suke zube a kowane zaure, ta daɗe ba ta samu masu kula da ita ba.

Ƙasar Gaya wuri ne da ya dace a hango wannan tarihi daga cikinsa, saboda kusancinta da birnin Kano ya sa duk abin da aka kasa a kasuwannin birnin yakan iso ta, amma rayuwarta ta noma da kiwo da sana'ar hannu ta bambanta da wadda fina-finan suka saba nunawa. Garin Gaya yana gabas da Kano, a kan hanyar da ta ƙetare gadar Wudil ta nufi Dutse, Ajingi kuma tana arewa da shi, daf da iyakar jihar Jigawa. Ruwayar baka ta ce daga Gaya ne maƙeran da ake kira Abagayawa suka tashi suka je dutsen Dala neman tama, kuma a zamanin nan gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta mayar da garin masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, kafin gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe wannan tsari a 2024 ta sake kafa ta a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A tarihin fim kuwa, rabon wannan yanki na 'yan kallo ne: a birni ake rubuta labari, a birni ake ɗauka, a can ake sayarwa, sannan a kawo wa mutanen da al'adarsu ta zance ta fi ta birnin kusa da abin da fim mai natsuwa yake buƙata.

Hoto mai motsi ya fara isa garuruwan hakimai na lardin Kano ne ta hanyar majigi, wato motar hukuma mai ɗauke da injin haska hoto da farin ƙyalle, wadda takan sauka a ƙofar fada ko wani fili bayan faɗuwar rana ta nuna wa jama'a fina-finan wayar da kai kyauta, wani tafinta yana bayani da lasifika. Wanda ya shimfiɗa ƙa'idojin irin waɗannan fina-finai shi ne William Sellers, Baturen da ya fara aiki a sashen kiwon lafiya na Legas, aka kuma ba shi shugabancin hukumar shirya fina-finan ƙasashen da Ingila ke mulka lokacin da aka kafa ta a 1939. Ƙa'idojin sun ginu ne a kan zaton cewa idon mutumin karkarar Afirka ba zai iya bin hoto mai sauri ba, don haka aka hana yawan motsa kyamara, aka hana yawan yanka, wato tsallakawa daga wani hoto zuwa wani, aka kuma ce a nuna kowane aiki tun daga farkonsa har ƙarshensa, kada mai kallo ya rikice. Fina-finan koyar da tsafta da rigakafi da noma, irin su Baban Larai da aka yi a shekarun 1950 don ƙarfafa noman auduga, a wannan yanayi suka fito. Ke nan jinkirin farko da allon fim ya nuna wa manomin ƙasar Kano jinkiri ne na raini, wanda aka auna shi da ƙarancin fahimtar da aka ɗora wa mai kallo, kuma bai ɗauki lokaci ba aka ga rashin gaskiyar zaton, tunda 'ya'yan waɗannan manoma ne suka riƙa bin fina-finan Indiya masu tsawon sa'a uku, cikin harshen da ba su ji, ba tare da labarin ya kuɓuce musu ba.

Sinimar kasuwanci kuwa a birni ta tsaya. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka buɗe Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya, kuma gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙarfafa ra'ayin masu ganin wurin a matsayin matattarar saɓo, ta yadda ko da aka buɗe Palace a cikin ganuwa a 1952 sai da aka sha jayayya. Matar aure ko budurwar gidan mutunci ba ta zuwa sinima, saboda haka fim ɗin soyayya ya shafe shekaru kusan arba'in a Kano maza ne yawancin masu kallonsa. Daga shekarun 1950 dillalai suka fara shigo da fina-finan Bombay, waɗanda suka kere na Amurka da na Ingila farin jini, har Mother India na 1957 ya yi shekaru da dama ana maimaita shi ana cika. Manazarci Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997 game da fina-finan Indiya da masoyan Nijeriya, ya danganta wannan karɓuwa da kamannin da Bahaushe ya gani tsakanin rayuwarsa da ta allon: ikon iyaye a kan aure, suturar da ke rufe jiki, da masoyan da ba sa sumbatar juna. Abin lura shi ne reshen fim ɗin Indiya da ya iso Kano na kasuwa ne, mai waƙa da rawa da faɗa, wanda kuma Satyajit Ray yake yi a Kalkata, irin su Charulata na 1964, inda matar aure ta kamu da son ɗan'uwan mijinta ba tare da ta taɓa faɗa ba, bai shiga sinimomin Fagge da Sabon Gari ya yi tasiri ba.

Kafin a fahimci abin da aka rasa da wannan zaɓi, sai an dubi zance, wato hirar neman aure, yadda aka gaje shi kuma yadda har yanzu ake yin sa a garuruwa irin Gaya da Ajingi da ƙauyukansu. Saurayi yakan je bayan magariba ko isha'i, sau da yawa tare da aboki, ya tsaya a ƙofar gida ya aiki yaro ya shiga ya ce ana sallama da wance. Yarinya ba ta fitowa nan take, ko da kuwa tun la'asar ta yi kwalliya, domin saurin fitowa zubar da aji ne, kuma iyaye da maƙwabta suna lura. Idan ta fito ta shimfiɗa tabarma a zaure, wanda Kanawa suka fi kira soro, takan zauna nesa kaɗan, ta karkata gefe, ta gyara mayafi, sannan a shiga gaisuwar da za ta bi ta kan gajiya da mutanen gida da aiki kafin a zo ga wata magana, kuma a ziyarce-ziyarcen farko abokin ne yake ɗauke da yawancin hirar. Amsar yarinya ba ta cika wuce kalma ɗaya ko biyu ba. Duk da haka saurayi yakan tashi ya san matsayinsa, domin alamomin a bayyane suke ga wanda ya iya karanta su: tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta fito, ko ita ta kawo ruwa da kanta ko ƙanwarta ta aiko, ko ta karɓi toshi (kyautar da saurayi ke yi wa budurwa) ko ta bar shi a kan tabarma, da kuma inda rakiyarta ta tsaya, a bakin soro ne ko ta ɗan taka waje.

Abin da ke tafiyar da wannan duka shi ne kunya, wadda a nan ba tsoro ko rashin wayewa take nufi ba, ladabi ne na ɓoye abin da ya fi kusa da zuciya. Ita ce take hana uwa kiran sunan ɗanta na fari ko nuna masa so a gaban jama'a, take hana mace ambaton sunan mijinta, ita ce kuma ta haifar da sayen baki, al'adar da amarya ke yin gum a daren da aka kai ta har sai abokan ango sun biya ƙawayenta kafin ta yi magana. A irin wannan tarbiyya, gwargwadon ƙarfin so gwargwadon ƙarancin furta shi. Shi kansa neman auren mataki-mataki ne, daga kayan na-gani-ina-so zuwa gaisuwar iyaye, zuwa baiko da sa rana da kai lefe, kuma a ƙasar noma matakan suna bin kalandar gona, tunda sai kaka ta yi, an girbe gero da dawa an cire gyaɗa, kuɗi yake shiga hannu a yi biki, da rani kuma samari da yawa sukan tafi ci-rani birane su bar 'yan mata da jira na watanni. Duk wanda ya san aikin fim zai ga cewa wannan cikakken nahawu ne na hoto: akwai tazara tsakanin jiki biyu da za a iya aunawa, akwai kaya masu ɗauke da saƙo, akwai ɗan aike, akwai lokaci da yake sauya ma'anar abu ba tare da an ce uffan ba.

Adabin rubutu ne ya fara ɗaukar soyayya a matsayin jigo. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar 1933, labari ne na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, sannan So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka samu ambaliyar littattafan soyayya da marubuta ke buga wa kansu, waɗanda aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, cikinsu har da Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987 da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Waɗannan littattafai sun shiga ɗakunan matan aure da makarantun kwana na 'yan mata ta hanyar aro da haya, kuma sun zo da wani sabon abu, wato masoyan da ke bayyana zuciyarsu da dogayen kalamai da wasiƙu, har Sumayya ta littafin Gidan Dabino, 'yar masu kuɗin da ta so talaka, ta kai ga faɗawa rijiya da aka hana ta shi. A takarda dogon furuci yana da amfani, domin ta nan kaɗai mai karatu zai shiga ran mutum. A allo kuwa fuska tana iya yin aikin, amma da aka mayar da littattafan fim sai aka kwaso kalaman yadda suke. A gefe guda akwai wani misali na daban da bai samu magada ba, wato Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba na soyayyar saurayi da budurwa ba ne, amma tafiyarsa a hankali da yadda ya bar ƙaunar uwa mai neman ɗanta a hamada ta bayyana cikin aiki sun nuna cewa an taɓa sanin wannan hanya. Fim ɗin ya ɓace daga idon jama'a shekaru da yawa, sai da aka gyara shi a Jamus aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Sana'ar bidiyo ta fara ne da Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari kuma yana cikin 'yan wasa. Masu wannan aiki sun taso ne daga ƙungiyoyin daɓe da wasannin talabijin na NTA da CTV, tashar da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980, kuma sun zo da halin waɗancan wasanni, inda ake kafa kyamara ɗaya a gaban mutane biyu ko uku su yi ta magana, galibi ba tare da rubutaccen zance ba. Jinkirin fina-finan farko, har da In Da So Da Ƙauna da aka mayar fim a 1994, rabinsa na talaucin kayan aiki ne, domin tace hoto da injin kaset biyu aiki ne mai wahala da ke rage ingancin hoton a kowane kwafi, don haka barin fitowa ta tafi yadda aka ɗauke ta ya fi sauƙi. Amma bidiyo ya yi abin da sinima ta kasa cikin shekara hamsin, wato ya shigar da fim cikin gida ya kai shi gaban matan kulle, ya kuma fitar da shi daga birni. A garuruwan da wutar lantarki ba ta da tabbas aka buɗe gidajen kallo masu janareta da bencina, aka buɗe shagunan hayar kaset, gidan da ke da talabijin da bidiyo kuma ya zama matattarar matan unguwa da yara.

Yadda ake cinikin kaset shi ya tsara siffar fim ɗin fiye da ra'ayin kowane darakta. Furodusa, wato mai zuba kuɗi da ɗaukar nauyin shiri, yakan buga kwalin kaset ya sayar wa dillalan Ƙofar Wambai da Bata, su kuma su kwafi fim ɗin a kasakasan da suka saya su zuba a kwalayen, saboda haka ribarsa tana bin yawan kwalin da ya sayar. Raba labari ɗaya zuwa kashi na ɗaya da na biyu yana ninka kwali, kuma wannan ne mafarin miƙe labari da gangan. Sannan ga talla, wadda ake maƙalawa a farkon wani kaset, kuma abin da ya fi jan mai saye cikin minti biyu shi ne waƙa. Zuwan fiyano, wato na'urar kiɗa ta Yamaha da ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama suka shigo da ita a ƙarshen shekarun 1990, ya sauƙaƙa yin waƙoƙin da aka riƙa kira nanaye, kuma Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni a 1999, da Ali Nuhu a matsayin ɗan sarki da Fati Muhammad a matsayin baiwar Allah mai aikin gida, ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ita ce jari. A shekarar ce mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa, a wannan shekara kuma sunan Kannywood, wanda ake kiran masana'antar da shi, ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Manazarci Abdalla Uba Adamu ya taƙaita siffofin fina-finan wannan zamani da auren dole, da takarar mutum biyu a kan masoyi ɗaya, da waƙa da rawa. Waƙar ta warware wata matsala ta gaskiya, domin abin da kunya ta hana a faɗa a soro sai a kai masoyan lambu cikin mafarki su rera shi, amma ta warware ta ne ta hanyar kauce mata, tunda daraktan da yake da waƙa biyar a hannu ba shi da dalilin wahalar da kansa wajen koya wa jaruma yadda za ta nuna so da ajiye kofin ruwa.

Rabon da karkara ta samu a wannan kasafi shi ne barkwanci. Masana'antar ta raba hajarta gida biyu, santimental, wato fim ɗin soyayya da rikicin iyali da ake ɗauka a manyan gidajen Nasarawa da Bompai, da camama, wato fim mai arha na ban dariya da ake ɗauka a ƙauye. Sarkin camama shi ne Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan da ke kusa da Wudil, maƙwabcin ƙasar Gaya, wanda ya rasu a Disamba 2014, kuma gwanintarsa ta saurin baki da motsin jiki ba ta da na biyu. Sai dai rabon ya bar wani tabo, domin ya saba wa mai kallo da cewa wanda ke zaune a gidan ƙasa abin dariya ne, so mai nauyi kuma sai a falo mai kujerun alfarma, har ya zama matashin Ajingi yana ganin mai kama da shi a allo ne kawai idan za a yi masa dariya.

Dokar tace fina-finai ta zo da wani sharaɗi da ya kamata ya tura sana'ar zuwa ga natsuwa. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000, ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, kuma aka ƙara tsanantawa daga 2007 lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar. Cikin ƙa'idojin da suka fi tasiri akwai hana namiji da mace taɓa juna a allo, ko da miji da mata suka fito. Iran ta fuskanci irin wannan sharaɗi bayan juyin juya halin 1979, kuma abin da daraktocinta suka yi da shi darasi ne. A Baran na Majid Majidi, wanda ya fito a 2001, wani lebura a wurin gini a Tehran ya gano cewa yaron Afganistan da ya ƙwace masa aikin dafa shayi yarinya ce da ta yi shigar maza, kuma daga nan har ƙarshe ba ta ce masa komai ba, shi ma bai furta so ba, sai dai ya yi ta rabuwa da abin da ya mallaka, har da takardar shaidarsa, don iyalinta. Abbas Kiarostami kuma, a fim ɗinsa na 1994 da ke ƙarewa a gonar zaitun, ya bar kyamara a kan tudu tana hango saurayi yana bin budurwar da ta ƙi kula shi, har su biyun suka zama ɗigo biyu a cikin kore, sannan aka ga ɗaya ya juyo da gudu, aka bar mai kallo ya fahimci amsar daga yanayin gudun. A Kano hanin taɓawa bai haifar da irin wannan ba sai jefi-jefi, domin muhawarar ta tsaya a kan tsawon riga da salon rawa, wato a kan abin da za a cire, ba a cika tattauna abin da za a gina a gurbinsa ba.

Gina fitowa mai natsuwa yana da sharuɗɗan da za a iya bayyanawa. Dole mai kallo ya riga ya san abin da kowane ɗaya daga cikin mutanen biyu yake so da abin da ya hana shi faɗa, in ba haka ba shirun fanko ne, kuma a nan ne bambancin natsuwa da jan lokaci yake: a cikin ɗaya wani abu yana sauyawa tsakanin farkon fitowa da ƙarshenta, a cikin ɗayan kuwa agogo ne kawai yake tafiya. Matsayin kyamara ma yana magana. Yasujiro Ozu na Japan ya shahara da ajiye ta ƙasa-ƙasa, daidai idon wanda ke zaune a kan tabarma, ba ya kuma motsa ta sai da dalili, kuma a fim ɗinsa na 1949 game da wani uba da matarsa ta rasu yake ƙoƙarin aurar da 'yarsa, ba a nuna angon ko sau ɗaya ba, domin labarin na rabuwar uba da 'ya ne. Wannan tsayin kyamara shi ne ainihin tsayin zaman soro, kuma mai ɗaukar hoton da ya tsaya a tsaye yana kallon masu zance daga sama ya riga ya fita daga cikin hirar. Sai kuma tsayawa a kan fuskar mai sauraro maimakon ta mai magana, wanda a zancen Hausa ya fi muhimmanci, tunda yarinyar da ba ta cewa komai ita ce take yanke hukunci. Mafi wahalar samu a fim ɗin Hausa shi ne sauti. An saba shimfiɗa kiɗan fiyano a ƙarƙashin kowace fitowa don a gaya wa mai kallo lokacin tausayi da lokacin fargaba, wani lokaci kuma don a rufe ƙarar da makirfo mai rauni ya kwaso, alhali daren gari irin Gaya yana da nasa sauti, na kiran sallar isha'i da karatun almajirai da dakan da aka makara ba a gama ba, wanda zai iya nuna wucewar lokaci da kusancin iyaye a bayan katanga fiye da kowane kiɗa.

Kasuwar faifan CD, wadda ta gaji ta kaset, ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010 saboda satar fasaha, da fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa a ɗakuna irin na Algaita, da kuma shagunan masu tura fina-finai a waya, waɗanda suka bazu har ƙananan garuruwa. Sinimar zamani da aka buɗe a rukunin shagunan Ado Bayero a 2015 ta ba wasu fina-finai, kamar Mansoor na Ali Nuhu a 2017, wurin fitowa, amma kuɗin tikiti da nisa sun sa ba ta shafi mai kallo na Gaya ko Ajingi ba. Abin da ya iso shi shi ne fim mai dogon zango, wato labarin da ake saki kashi-kashi kowane mako. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa a 2015, wanda ya sanya talakawa da malamin tsangaya da 'yan kasuwar unguwa a tsakiyar labari ba don a yi musu dariya ba, ya kuma bar soyayya ta tsiro a hankali cikin hidimar yau da kullum. A 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka nuna cewa jama'a za su bi labari ɗaya na watanni ba tare da dogaro da rawa ba, kuma a Labarina an ga kulawa da haske da tsayuwar kyamara a kan fuska da ba a saba gani ba a zamanin kaset. Tsohuwar cutar jan lokaci dai ta biyo sabon tsarin, domin kuɗin YouTube da na masu talla yana bin yawan kashi da yawan kallo, kamar yadda riba ta bi yawan kwali a da, saboda haka ana samun makon da za a kalla gaba ɗaya ba abin da ya motsa.

Wani sauyi da ba a cika lura da shi ba ya faru a wajen mai kallo. A gidan kallo, ƙarar janareta da hayaniyar jama'a sukan haɗiye duk wani sauti mai laushi, don haka fim ɗin da ke son a ji shi dole ya ɗaga murya. Matashiyar da ke kallo a waya a ɗakinta, da abin ji a kunne, tana iya jin numfashi da motsin mayafi, ƙaramin allon kuma ya fi dacewa da fuska ta kusa fiye da taron 'yan rawa. Wannan ne karo na farko da kayan kallon da ke hannun mutanen karkarar Kano suka dace da fim mai natsuwa, a daidai lokacin da ita wayar take rage wa zancen soro muhimmanci, tunda saƙon da ɗan aike yake kaiwa yanzu yana tafiya kai tsaye, kuma jiran ci-rani ya daina zama yankewar labari. Marubutan da suka taso suna aiken yaro ya yi sallama da wance suna nan da ransu, da yawansu kuma 'yan garuruwa irin waɗannan ne da suka koma birni, don haka sanin yadda ake zance bai ƙare a masana'antar ba. Abin da ya rage ga furodusoshi shi ne su yarda su kai labarin so mai nauyi gidan ƙasa, su sauke kyamara zuwa tsayin tabarma, su kuma kashe fiyano a fitowar da shiru ya isa, wanda shi ne gyara ɗaya tilo cikin waɗannan da ba ya cin ko sisin kwabo.